Shekarar da Baba Ya Ɗinke Iska

Na san sunan da ake kiran ku da shi a bakin rijiya. Binta ce ta dawo rannan tana kumbure-kumbure, ta dangwarar da tulu, ta ce wai 'yan matan unguwar ƙasa sun ce da ita jikar maɗinkin iska. Dukanku kun taɓa jin sunan nan, kuma na lura babu wanda ya taɓa tambayata asalinsa, sai dai ku sunkuyar da kai kamar an tona muku asiri. Sau da yawa na zaunar da ku zan faɗa, amma da na zo wurin da babur ya shigo gari sai wani ya tuntsire da dariya, ni kuwa labarin nan ba na iya ci gaba da shi ana dariya. Yanzu da na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fara sabawa da fensir, na ga gara in sa shi a takarda, don ita ba ta katse mutum. Wanda ya fi karatu a cikinku ya karanta wa sauran. Abin da nake so ku sani shi ne kakanku ba wawa ba ne, ba kuma mugu ba ne.

Kakanku Malam Haruna baduku, wanda nake ce wa Baba, mutum ne marar yawan magana. A zauren gidanmu, nan Dutse gindin duwatsu, yake shimfiɗa tabarmarsa tun hantsi, ba ya tashi sai salla. Yana ɗinka sirdi da kube da gafaka, amma abin da ya yi suna a kai shi ne salka da guga. Fulani kan taso tun daga wajen Kiyawa da Jahun su zauna jiransa, ga dukawa a garuruwansu, saboda salkar Baba ba ta ɗiga. Ya koya mini yadda ake yi tun ina ƙarami: ka jiƙa fata, ka huda da basilla, ka ja zare ka matse, ka shafe ɗinkin da man shanu. Da ruwa ya shiga, fatar za ta kumbura ta rufe ramin basillar da kanta. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, shi ya sa ake kirana Magaji, kuma a shekarar da nake ba ku labari na riga na auri uwarku Hajara, ina da tawa tabarmar kusa da tasa.

Akwai wata al'ada ta gidanmu da muka tarar iyaye suna yi. Baƙo ba ya sauka a zaurenmu ya tashi da yagaggen kaya. In maɗaurin takalminsa ya tsinke, ko jakarsa ta farke, ko sirdinsa ya saki, sai a ɗauka ba tare da an tambaye shi ba, a gyara, a mayar inda aka ɗauko. Ba a faɗa masa, ba a karɓar komai a hannunsa, shi ma in mai tarbiyya ne ba zai tsawaita magana ba, sai dai ya yi addu'a a bakin ƙofa ya wuce. Baba kan ce in ka tambayi baƙo ka ɗora masa nauyi, don dole ya ce a bari. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Malam Jibrin Bakano ne, tsohon soja, yana yi wa wani kamfanin Turawa sayen fatu da ƙiraga. A soja ya koyi hawan babur, sai kamfanin ya ba shi guda yana zaga kasuwannin ƙauye. Ranar da ya fara shigowa da shi garinmu, mata sun kwashe yara sun shige ɗaki, awaki suka tsinke igiya, wani tsoho makaho da ke zama bakin masallaci ya yi ta kalmar shahada, ya ɗauka ƙasa ce take tsagewa. Ni ina saman dabino a lokacin, saura kaɗan in saki hannu. Amma abin da ya fi ɗaure mana kai ba ƙarar ba ce. Da ya tsaya ya ce mana ƙafafun abin nan iska ce a cikinsu, babu wanda ya yarda. Tanko mahauci, abokin wasan Baba, ya ce in haka ne shi ma gobe zai hura mafitsarar bijimi ya hau zuwa Kano. Saboda harkar fata, a zaurenmu Malam Jibrin ya riƙa sauka duk sanda ya zo. Ga shi mai gemu, ya ga duniya, ya je yaƙi ya dawo, amma sai ya durƙusa yake gaishe da Baba, kuma ban taɓa ganin ya haɗa ido da shi ba.

Cikin bazarar shekarar nan, wata rana da yamma sai ga shi yana tura babur, riga ta jiƙe sharkaf, tayar gaba ta kwanta. Ƙayar aduwa ce ta soke ta. Ya zauna a ƙofar zaure ya ɓanɓare tayar, ya zaro robar da ke ciki, wadda ake kira tif, baƙa mai laushi kamar hanji. Ya hura mata iska da famfo, ya tsoma ta a ƙwaryar ruwa, sai ga kumfa tana fitowa daga wani rami da bai kai ƙwayar gero ba. Ya buɗe ɗan gwangwanin danƙon da yake liƙe irin wannan da shi, ya tarar zafi ya busar da shi ya zama kamar dutse. Ya ce ba komai, gobe kasuwar Shuwarin, zai ba masu raƙuma saƙo a kawo masa wani daga Kano, shi kuwa ya jira. Ya rataye tif a maratayin zaure, wurin da baƙi suke rataye jakunkunansu. Duk wannan Baba yana zaune yana kallon kumfar nan.

Washegari na raka Malam Jibrin kasuwa ina ɗaukar masa fatu. Muka dawo bayan la'asar muka tarar zaure cike da mutane, tif kuma yana nan inda aka rataye shi, amma ba kamar yadda aka bar shi ba. Baba ya tattare bakin ramin, ya ɗora masa guntun fatar akuya mai laushi, ya bi gefenta da ɗinki ƙanana a jere kamar rubutun gwanin malami, ya shafe da man shanu har yana ƙyalli. Har yau ban ga ɗinkin da ya kai shi kyau ba. Ni murna na yi. Sai da na waiwaya na dubi Malam Jibrin, na ga fuskarsa ta sauya, baki a sake, kamar wanda aka kawo wa labarin mutuwa. Ya juya tif ɗin nan a hannunsa, ya sake juyawa. Baba kuwa ya sunkuyar da kai kan wani guga, kamar bai san an shigo ba, yadda al'ada ta tanada. Tanko ne ya tara mutanen, don ya zo ya tarar ana ɗinkin, ya kai labari har masallaci.

"Bakano," in ji Tanko, "ka ga aikin Dutse? Abin da Turawa ba sa iyawa sai da gwangwani, tsohon nan ya gama shi kafin azahar."

Malam Jibrin ya dubi dattawan da ke zaune, ya dubi Baba, sannan ya durƙusa.

"Allah ya saka da alheri, Baba."

"Ban san abin da kake faɗa ba," in ji Baba, bai ko ɗago ba.

Washegari da hantsi Malam Jibrin ya mayar da tif cikin taya ya yi famfo. Na lura bai ba ta iska kamar yadda ya saba ba, kuma yana yi yana kasa kunne. Tayar ta tashi, ta tsaya. Mutane suka ɗauki sowa, mata suna leƙe ta kan katanga, Tanko yana ta danna tayar da babban yatsa yana cewa a zo a gani. Malam Jibrin ya ce ko ya bari sai gobe, rana ta riga ta ɗaga. Dattawa suka ce ina, ai yau za a ga ƙarshen abin. Ya ce ko ya ɗan tura shi zuwa bayan gari. Aka yi dariya, aka ce wa ya taɓa jan doki lafiyayye da ƙafa. Baba yana tsaye a bakin zaure, hannu a baya, abin da ban taɓa gani ba, don shi ba ya fitowa rakiyar baƙo. Malam Jibrin ya dube shi sau ɗaya, ya yi bisimilla, ya tayar da babur ya hau.

Kun san gangaren nan da ke sauka tsakanin manyan duwatsu kafin a kai fadamar dabino. A lokacin ba a share shi ba, duk tsakuwa ne. Yana tafiya a hankali, muna bin sa da gudu, gangare ya ja shi ya yi mana nisa. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Na ga kan babur ya karkace, na ga farar rigarsa ta tashi sama, na ji jikin mutum ya bugi dutse. Daga nan sai shiru, in ban da ƙafar baya da ke ta juyawa ita kaɗai. Duk taron nan babu wanda ya motsa. Ni ma sai da na ji muryarsa yana salati sannan na ruga. Na tarar da shi kwance, cinyarsa ta hagu ta lanƙwashe a wurin da ba gwiwa ba, jini yana zuba daga goshinsa. Abin da ya fara ce mini, kada in bar Baba ya sauko.

Amma Baba ya sauko. Ya tsaya har aka ɗauki Malam Jibrin a kan asabari aka yi gida da shi, aka aika kiran maɗori. Da mutane suka watse ya ce in ciro masa abin nan daga cikin taya. Na ciro na miƙa masa. Robar ta yage tun daga ramin basilla na farko har na ƙarshe, ta bi layin ɗinkin kamar an sa wuƙa, ta kuma wuce. Fatar akuyar kuwa tana nan lafiya lau. Ya daɗe yana dubawa.

"Magaji," ya ce, "zarena bai tsinke ba."

Na ce haka ne, Baba.

"To me ya faru?"

Ban sani ba, kuma babu wanda ya sani a garin. Yanzu ko ɗan koyo a rumfata ya san roba ba ta kumbura ta rufe rami kamar fata, ya san duk inda allura ta shiga nan za ta fara yagewa, ya san mai yana cinye ta. Mu a lokacin abu ɗaya muka sani mai riƙe ruwa ko iska, shi ne fata, kuma Baba ya yi mata duk abin da ake yi wa fata, bai rage komai ba. Da ya ga wurin da ya yi ha'inci, ko wurin da hannunsa ya kuskure, da ya samu sauƙi. Bai gani ba. A ranar ya naɗe basillarsa da wuƙaƙensa cikin tsumma, ya cusa su saman azarar zaure, ya naɗe tabarma ya jingine.

Malam Jibrin ya yi damina a zaurenmu, ƙafa ɗaure cikin karare. Kamfani ya aiko akawu da mutane suka tafi da babur. Da akawun ya tambayi yadda aka yi, Malam Jibrin ya ce dutse ya hau, bai ambaci ɗinki ba. Aka sallame shi daga aiki. Baba da kansa yake kai masa abinci, ya ajiye, ya tambaye shi jiki, ya fita. Ba su taɓa yin maganar tif ba. Tanko ne ya fara cewa maɗinkin iska, da wasa, wai don ya sa abokinsa dariya kamar yadda suka saba zolayar juna tun suna samari. Baba bai rama ba. Tanko ya jira ramuwar, bai samu ba, ya tashi jiki a sanyaye, amma suna ya riga ya fita, yara suka ɗauka. Fulani suka zo da salkunansu, Baba ya ce su ba ni. Suka dubi ɗinkina, suka yi godiya, ba su dawo ba. Kakarku Inna ta yi magana har ta gaji. Ta ce masa ƙaddara ce, ta ce mutumin nan bai mutu ba, ta ce rumbu ba ya cika da tagumi. Shi dai amsarsa guda: hannun da bai san inda ya yi kuskure ba, ba zai ƙara ɗora shi a kan kayan mutane ba. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat cikin damina ɗaya.

Da maɗori ya kwance karare, ƙafar Malam Jibrin ta haɗe amma ta gajarce. Ni nake riƙe shi da yamma muna zaga bayan gida yana koyon tafiya da sanda. Wata rana muka zauna hutawa gindin tsamiya, na ce masa abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya san dalili, da an sani ko Baba ya dawo hayyacinsa. Ya yi ta zane a ƙasa da sandarsa.

"Ni na sani, Magaji. Tun da na shigo zauren nan na ga ɗinkin na san ba zai kai ni fadama ba."

Na ce ya sani ya hau?

"Niyyata in sha kwanar dutsen nan, in kun daina ganina in sauka in tura. Saura kaɗan in kai." Ya share fuska da hannun riga. "Dattijo ya yi mini alheri a gaban mutanen garinsa. In buɗe baki in ce aikinka ɓarna ne? Da wane bakin?"

Na zauna kamar an buge ni da taɓarya. Duk damina ina kallon mutumin nan a matsayin wanda gidanmu ya cuta da rashin sani, ashe shi yana gani ya miƙa ƙafarsa. Ban san ko in tausaya masa ko in shaƙe shi ba. Ya roƙe ni don Allah kada in gaya wa Baba, ya ce in dattijo ya ji an gan shi yana kuskure an yi shiru, abin zai fi masa ciwo fiye da wanda yake ciki. Na yi masa alkawari, don ni ma a lokacin haka na gani.

Da kaka ta yi ya ce zai tafi Ringim. Jirgin ƙasa ya iso can, masu sayen gyaɗa sun cika gari da kekuna, ga motocin kaya, ga babura jefi-jefi, kuma babu mai faci. Ya iya aikin, amma ba ya iya tsayuwa kan famfo, ba ya iya ɗaga taya, ko ruwa ba ya iya ɗebowa. Na kwana biyu ina juya abin. Uwarku tana da cikin fari, Baba ya ajiye aiki, ni kaɗai nake ɗan ɗinka abin da ake sayen gishiri. Duk da haka na je na durƙusa gaban Baba na ce zan bi Malam Jibrin. Na ce a gidanmu ya rasa ƙafa, dole gidanmu ya zama ƙafarsa, kuma ina so in je in gano abin da ya faru da ɗinkin nan. Ya dubi tabarmata da ke shimfiɗe ita kaɗai a zaure.

"Wannan fa?"

Na ce zan dawo mata.

"Ba a dawo mata," in ji shi. "Je ka."

Bai sa mini albarka da baki ba, bai kuma hana ni ba. Inna ce ta ƙulla mini fura tana kuka. Haruna, kai nake gaya wa: an haife ka ba na nan, an raɗa maka suna ba na nan, sai a bakin wani mai jaki na ji an sa maka sunan kakanka. Duk gaisuwar da na aika wa Baba, Inna ce take amsawa.

A Ringim, ƙarƙashin wata rumfar kara kusa da tasha, na koyi aikin da kuke ci da shi yau. Ranar farko da na ga an liƙe rami ba allura ba zare, na zauna ina kallo kamar baƙauyen da ya ga babur. Malam Jibrin yana zaune kan turmi, ƙafa a miƙe, yana ba ni umarni. In nemo rami a cikin ruwa, in ci gaba da juya tif har ƙarshe ko akwai na biyu. In shafa cikin taya da yatsa a hankali in ciro ƙayar, don in ka bar ta za ta sake soke aikinka kafin mai abu ya bar gari. In kankare wurin har ya yi kaushi, in wanke hannu kada ko ɗigon mai ya taɓa. In shafa danƙo siriri in jira ya sha iska, kada in yi gaggawa ko mai abu yana tsaye a kaina yana tsaki. In danne facin, in sake tsomawa a ruwa, in kula kada liba, ƙarfen ɓanɓare taya, ta cije robar wajen mayarwa, kada kuma in yi famfo har taya ta zama dutse. Haƙurin da na koya a tabarmar Baba shi ya taimake ni, don aikin nan rabinsa jira ne.

Amma akwai abin da ya fi duk wannan, kuma shi ya fi ba ni wuya. Wata rana wani dattijo attajiri mai farin gemu ya zo da babur, tayar gaba, tif ɗin duk faci a kan faci, ga tsaga kusa da bakin da ake hura iska. Ya ce in taimaka in liƙe, ɗaurin aure zai je Garki, ana jiransa. Ya kira ni ɗana, ya sa mini albarka tun ban fara ba. Wallahi na riga na ɗauki abin kankara, don ban san yadda ake ce wa mai furfura a'a ba. Sai na ji sanda ta bugi hannuna. Malam Jibrin ya ce wa dattijon, da ƙarfi, a gaban mutanen tasha, ba za a yi ba, wannan ya mutu, in an liƙe zai kashe shi a hanya, ya sa sabo ko ya nemi doki. Dattijon ya yi faɗa, ya ce ba mu da kunya, ya tura abinsa ya tafi. Ni har gumi ya keto mini. Malam Jibrin ya ɗaga gajeriyar ƙafarsa da hannu biyu ya gyara mata zama, ya ce da ni in dube ta da kyau, ita ce kunyar da ake faɗa.

Shekara ta kusa zagayowa sai Inna ta aiko cewa Baba ya daina fitowa ko zaure, abinci sai an yi da gaske. Na samu Malam Jibrin na ce alkawarin nan ya ishe ni. Na ce kullum yana koya mini in faɗa wa baƙi gaskiya ko za su zage ni, shi kuwa mutum ɗaya da ya fi kowa bukatarta ya ɓoye masa. Na ɗauka ya yi fushi. Washegari ya ce in nemo masa jaki.

Muka isa Dutse da rana tsaka. Aka fito da Baba zaure, na ga mutum kamar kara. Tanko ya ji mun zo, ya shigo ya raɓe a gefe, maƙwabta suka biyo shi. Na zo da guntun tsohon tif, na huda shi da ƙaya na ja, ya yage a gaban Baba. Na nuna masa wani guntun da na shafa wa mai tun a Ringim, ya yi laushi yana narkewa. Ya karɓa ya ja da kansa, ya sake ja, ya gyaɗa kai a hankali. Sannan Malam Jibrin ya sauke sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya faɗi duk abin da ya faɗa mini gindin tsamiya. Ina jiran Baba ya sunkuyar da kai ya ƙara shigewa cikin baƙin cikinsa, sai na ga ya miƙe tsaye, mutumin da aka riƙo yanzu-yanzu.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ka ga tsoho zai kashe ka, sai ka yi masa ladabi?" Muryarsa har cikin gida. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba, balle ga baƙo. "Kalma ɗaya, Jibrin. Ka ja ni bayan zaure ka ce Baba wannan ba fata ba ce. Da na ji kunyar yini ɗaya. Ka bar ni shekara ina duban hannuna ina tambayarsa me ya yi."

Malam Jibrin yana kuka, Tanko yana kallon ƙasa. Baba ya tsaya yana haki. Can ya ce shi ma da ya tambaya kafin ya taɓa kayan da bai sani ba, da ba a kai nan ba, ya ce su biyu suka haɗu suka karya ƙafar nan, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara. Ya ce a tayar da shi. Da aka tayar da Malam Jibrin ya tsaya a karkace kamar yadda yake tsayawa, Baba ya zuba wa ƙafafunsa ido, ya dubi takalmin hagu da ya cinye ta gefe ɗaya. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da ya yi wa kumfar nan a ƙwarya. Sai ya ce da ni in miƙa hannu saman azara.

Na sauko da tsumman, duk ƙura da yanar gizo. Ya kwance, ya goge basillar a gefen rigarsa. Amma bai taɓa takalmin ba.

"Zan ɗinka maka takalmi, na hagu in yi masa tudu har ƙafafun su daidaita. Tambayarka nake yi, a gaban mutanen nan. In ba zai yi ba, faɗa mini yanzu."

Malam Jibrin ya share ido. "Da fata za ka yi, Baba?"

"Da fata."

"To zai yi."

Tanko ya ce daga gefe, a hankali, kamar mai gwada zurfin ruwa, to maɗinkin iska ya sauko ƙasa. Baba bai waiwaya ba, ya ce gara shi, wani har yau yana nan yana hura mafitsara bai kai Kano ba. Aka fashe da dariya, Tanko ya fi kowa, hawaye yana bin gemunsa. Inna tana bayan ƙofa, na ji ta ce a shimfiɗa tabarma.

Baba ya yi aiki a kan tabarmar nan har shekarar da ya rasu, Fulani suka dawo. Al'adar gidanmu ba ta mutu ba, baƙo bai taɓa tashi da yagaggen kaya ba, sai dai daga ranar Baba ba ya ɗaukar ko maɗaurin takalmi sai ya tambaya. Ni kuwa gaskiyarsa ce, ban dawo wa tabarmata ba. Na koma Ringim na zauna da Malam Jibrin har Allah ya karɓi ransa, sannan na dawo na kafa rumfar da kuka sani. Dukanci ya ƙare a gidanmu daga kan Baba, kuma na san abin ya ci masa rai ko da bai ƙara faɗa ba. Ni ma wani lokaci in na ji warin jima daga nesa sai in rasa abin da nake yi.

Haruna, shekaranjiya na ga ka karɓi tif ɗin liman, ka juya shi, ka ga tsagar, ka dube ni kana jiran in yi magana a madadinka. Ban yi ba da gangan, kuma na ji daɗi da ka buɗe baki da kanka, ko da muryarka tana rawa. Ke kuma Binta, in sun sake faɗa a bakin rijiya, ba sai kin yi faɗa ba. Ki ce musu su dubi gugan da suke ja. Na kakanki ne, ya girme su duka, su nuna miki inda yake ɗiga.